Jimi Hendrix: Bahagon Makaɗin Da Ya Canja Muryar Jita

Duk wanda ya taɓa jin kiɗan nan na Turawa da ake kira rok ya san jitar lantarki ita ce uwa da makarɓiya a cikinsa. Idan kuwa aka zo lissafin gwanayen wannan jita, da wuya a fara da wani suna ba na Jimi Hendrix ba. Baƙar fata ne na ƙasar Amurka. Shekara 27 kacal ya yi a duniya, cikinsu huɗu ne kurum ya yi yana tashe. Jama'a sun fi riƙe labarin shekaru huɗun nan, alhali kuwa wahalar da ta gabace su ita ce ta gina shi.

An haife shi ran 27 ga watan Nuwamba, 1942, a birnin Siyatil. A lokacin mahaifinsa, Al Hendrix, yana aikin soja saboda Yaƙin Duniya na Biyu, mahaifiyarsa Lucille kuwa shekarunta 17. Gidan talauci ne, ga shan giya, ga faɗa tsakanin iyayen kusan kullum. Aurensu ya mutu a 1951, uwar kuma ta rasu a farkon 1958.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tun yana makarantar firamare aka lura yaron nan ba ya rabuwa da wata tsintsiya mai dogon mariƙi, yana rungume da ita yana kaɗawa sai ka ce jita. Wata ma'aikaciyar makarantar ta rubuta takarda ta roƙi a taimaka a saya masa jita ta gaske, amma ba a biya bukata ba. Sai a 1958 ya samu wata tsohuwa a kan dala biyar. A shekarar da ta biyo mahaifinsa ya saya masa ta lantarki.

Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa, bai kuma san rubutun kiɗa irin na Turawa ba. Kunnensa ne malaminsa. Sai ya sa faifan manyan makaɗan baƙar fata masu kiɗan bulus, irin su Muddy Waters da B.B. King, ya saurara, ya kwaikwaya, ya sake saurara, har yatsunsa su kama. Bugu da ƙari shi bahago ne, jitar da ke kasuwa kuwa yawanci ta masu hannun dama ce. Saboda haka sai ya juya ta, ya sake jera tsirkiyoyinta, ya ci gaba da abinsa.

Bai gama sakandare ba. A 1961 'yan sanda suka kama shi sau biyu cikin motar sata, aka ba shi zaɓi, ko kurkuku ko aikin soja. Ya zaɓi soja, aka tura shi rundunar sojan laima a Jihar Kentaki. Hankalinsa duk yana kan jita, don haka bayan shekara guda aka sallame shi. Ribar da ya ci a bariki ita ce abota da wani soja makaɗi mai suna Billy Cox.

Daga 1962 zuwa 1966 ya zama ɗan ƙodago a sana'ar kiɗa. A zamanin nan wariyar launin fata tana da ƙarfi a kudancin Amurka, baƙaƙe suna da nasu gidajen rawa dabam. Can ya yi ta yawo gari gari, yana yi wa manyan mawaƙa kiɗa daga baya, cikinsu har da Little Richard da ƙungiyar Isley Brothers. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, wani lokaci har jitarsa yakan ba da jingina don ya ci abinci. Sau da yawa kuma sukan saɓa da iyayen gidansa, domin ba mawaƙin da ke son yaronsa ya ɗauke masa hankalin 'yan kallo. Amma a nan ne hannunsa ya faɗa, ya kuma koyi yadda ake riƙe taro.

Mai nema yana tare da samu. A 1966 yana wasa a wani ɗan gidan shaƙatawa a birnin Niyok sai Chas Chandler, wani Baturen Ingila makaɗin ƙungiyar Animals, ya ji shi. Nan take ya gane an yi gamo da katar. Cikin watan Satumba ya kai shi Landan, ya haɗa shi da Turawa biyu, Noel Redding mai jitar bes da Mitch Mitchell mai ganguna. Aka sa wa ƙungiyar suna Jimi Hendrix Experience. Kafin wata shida har manyan makaɗan Ingila, irin su Eric Clapton da 'yan Beatles, suna zuwa kallonsa suna riƙe baki.

To, mene ne sabon abin da ya kawo? Ƙashin bayan waƙar rok shi ne wani ɗan gajeren kiɗa da jita ke maimaitawa, wanda Turawa ke kira rif. Kamar take yake a wurinmu, watau da an buga shi kowa ya san waƙar da za a yi tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Hendrix gwanin ƙaga irin wannan ne. A waƙarsa Purple Haze ta 1967 ya fara da muryoyi biyu waɗanda ba su jituwa a kunne, da gangan, don ya tayar wa mai saurare da tsikar jiki. Har ila yau akwai ƙugin nan da lasifika ke yi idan an ƙure mata murya. Sauran makaɗa suna gudunsa don sun ɗauke shi aibi, shi kuwa ya hore shi ya mai da shi kiɗa. Yakan taka wani ɗan akwati da ƙafa, sai ka ji jita tana kuka kamar mutum. Yakan kuma haɗa aikin makaɗa biyu a hannu ɗaya, yana riƙe da amon waƙa yana yi mata ado a lokaci guda.

Babban faifansu na farko, Are You Experienced, ya fito cikin watan Mayu 1967, ya kai na biyu a cinikin fayafayai a Ingila, na Beatles kaɗai ke gabansa. Ƙasarsa ta haihuwa ba ta san darajarsa ba sai cikin watan Yuni na shekarar, a bikin kiɗa na Monterey, inda bayan ya gama wasa ya cinna wa jitarsa wuta a gaban jama'a. A 1968 faifansa Electric Ladyland ya zama na ɗaya a Amurka. Sa'an nan ran 18 ga Agusta, 1969, a babban taron Woodstock, ya buga taken ƙasar Amurka da jita, ya cusa masa ƙara irin ta jiragen yaƙi da fashewar bamabamai. A lokacin ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, mutane da yawa suka fassara kiɗan nan da cewa kukan samarin da ake kashewa ne.

Sai dai ɗaukaka ta zo masa da nata kaya. Tun a 1965, lokacin yunwa, ya sa hannu a wata takardar yarjejeniya a kan dala ɗaya tak da ɗan kaso kaɗan, ba tare da ya auna abin da ke ciki ba. Takardar nan ta jawo masa shari'a har ƙarshen ransa. Ga tafiye-tafiye ba hutu, ga rashin barci, ga mutane sun yi masa caa, kowa da abin da yake nema. Sai ya riƙa neman sauƙi wurin giya da miyagun ƙwayoyi. A 1969 aka kama shi a Kanada bisa zargin shiga da ƙwaya, ko da yake kotu ta wanke shi. Cikin wannan shekara kuma ƙungiyarsu ta watse, ya koma wasa da tsohon abokinsa Billy Cox.

Ran 18 ga Satumba, 1970, a Landan, ya sha ƙwayoyin barci fiye da kima, ya yi amai cikin barci, aman ya shaƙe shi. Haka ransa ya fita, ƙasa da wata guda bayan buɗe ɗakin ɗaukar waƙa da ya kashe dukiya mai yawa ya gina wa kansa a Niyok. An kai gawarsa gida an binne kusa da Siyatil. Bai bar wasiyya ba, sai a 1995 mahaifinsa ya ƙwato ikon mallakar waƙoƙinsa bayan doguwar shari'a.

Hannunsa kuwa bai mutu ba. Kusan duk mai jitar rok da ya zo bayansa ya ɗebi wani abu a wurinsa. Har a nan maƙwabtanmu, Bombino, shahararren makaɗin Abzinawa na Agadas a Jamhuriyar Nijar, ya ƙara gogewa ne yana yaro ta kallon fina-finan wasan Hendrix.

Iyayenmu, idan kun ga yaro ya nace wa wani abu na kirki, ku dube shi da idon basira, kada ku ce shiririta ce. Mu kuma ɗalibai, mu lura da abu biyu. Yaron da ya fara da tsintsiya ya yi shekara takwas yana gumi kafin duniya ta san sunansa, ƙwaya kuwa dare ɗaya ya ishe ta ta rushe duk abin da ya gina. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kiyashe mu, amin.