Alois Alzheimer, likitan da ya gano ciwon mantuwa a ƙwaƙwalwar wata mace

An haifi Alois Alzheimer ran 14 ga watan Yuni 1864 a Marktbreit, wani ƙaramin gari na ƙasar Jamus. Ya yi karatun likita a Berlin da Tübingen da Würzburg. A 1888 ya kama aiki a gidan masu taɓin hankali na birnin Frankfurt. Da rana yana duba marasa lafiya, da dare yana binciken naman ƙwaƙwalwa a madubin likita tare da abokinsa Franz Nissl. Ya yi aure a 1894. Matarsa Cecilie ta rasu a farkon 1901, ta bar masa ƴaƴa 3.

A watan Nuwamba na wannan shekara aka kawo masa wata mata mai suna Auguste Deter, matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa, tana da shekara 51. Abin ya faro mata ne da kishi: ta riƙa zargin mijinta da neman wata maƙwabciya. Daga nan ta fara manta yadda ake girki, tana ɓoye kayan ɗaki, tana ɓacewa a cikin gidanta, tana ihu da tsakar dare. Alzheimer ya zauna da ita cikin haƙuri, yana rubuta tambayoyinsa da amsoshinta. Idan ya ce ta rubuta sunanta, sai ta fara, ta manta sauran tun ba ta kai ƙarshe ba.

A 1903 ya koma birnin Munich wurin babban malami Emil Kraepelin, amma bai daina bin labarin matar ba. Da ta rasu ran 8 ga Afrilu 1906, aka aika masa ƙwaƙwalwarta. Ya tarar ta motse. A madubi kuma ya ga abu biyu: dunƙule-dunƙule da suka taru tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zarurruka da suka cukurkuɗe a cikinsu. Har yau da waɗannan alamu biyu ake tabbatar da ciwon. Ya ba da bayani a taron likitoci na Tübingen a watan Nuwamba 1906, amma ko mutum ɗaya bai yi masa tambaya ba. Sai a 1910 Kraepelin ya raɗa wa ciwon sunan Alzheimer a littafinsa.

A 1912 aka ba shi kujerar shehun malami a Breslau, wato Wrocław ta ƙasar Polan a yau. Ciwo ya kama shi tun a hanya, bai kuma ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. Ya rasu ran 19 ga Disamba 1915, yana da shekara 51. An binne shi a Frankfurt kusa da matarsa.

Ciwon yana kama maza da mata, domin mutum na biyu da Alzheimer ya yi bayaninsa a 1911 namiji ne. Sai dai binciken da ya biyo baya ya nuna mata sun fi yawa. A Amurka, cikin masu ciwon 3, kusan 2 mata ne. Babban dalili shi ne mata sun fi maza tsawon rai, ciwon kuwa ya fi zuwa da tsufa. Akwai kuma wata ƙwayar gado mai suna APOE4 wadda haɗarinta ya fi tsanani ga mata, ana kuma nazarin canjin da jiki ke yi bayan ɗaukewar haila. Ƙarancin karatu ma yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗari, ga shi kuwa ƴan mata aka fi hana wa makaranta. Nauyin jinya ma a kan mata ya fi faɗawa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 cikin 100 na lokacin kula da masu irin wannan ciwo, mata ne ke ba da shi.

Wannan tarihi ya shafi Matameye da Kantche da sauran garuruwan Damagaram. Tsohuwar da ta fara manta sunan jikokinta, ko take zargin surukarta da sata, ko take fita da dare ba ta san hanyar gida ba, sau da yawa akan ce rigimar tsufa ce, wani lokaci har a jefe ta da maita. Aikin Alzheimer ya nuna ciwo ne a ƙwaƙwalwa. Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da shi ba, amma kula da hawan jini da ciwon sukari, da ci gaba da karatu, suna rage haɗari. Ya kamata magidanta su kai irin wannan uwa gidan likita, su taya matansu jinya, su kuma bar mata da ƴan mata su shiga ajin yaƙi da jahilci.