Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da Baƙonsa

A cikin manyan mutanen da suka tsaya tare da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai waɗanda aka fi tunawa da su saboda yaƙi, akwai kuma waɗanda aka fi tunawa saboda littattafai. Wanda za mu ba da labarinsa yau ya taɓa duka biyun, amma abin da ya sa muka zaɓe shi, shi ne yadda ya riƙe wani baƙo da ba su haɗa harshe ko addini ba.

An haifi Giɗaɗo wajen shekarar 1776. Sunansa na yanka Usmanu, amma laƙabin ya rinjayi sunan. Ya tashi cikin jama'ar Shehu, ya yi karatu mai zurfi, ya zama aminin Muhammadu Bello tun suna samari. Shi ne kuwa ya auri Nana Asma'u 'yar Shehu. Da Shehu ya rasu cikin 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, sai ya naɗa shi Waziri. Aikin ba ƙarami ba ne, gama al'amuran Kano da Zazzau da ƙasashen gabas ta hannunsa su ke bi, kullum yana bisa hanya yana sasanta sarakuna. Baƙon da ya zo ganin Sarkin Musulmi kuma, a kan kai shi wurin Waziri tukuna.

Mutanen Kazaure da Roni sun san irin zamanin da a ke ciki a lokacin. Tun daga 1819 Ɗan Tunku, wanda ya kafa sarautar Kazaure, ya ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, aka yi shekaru ana gwabzawa, kafin Sarkin Musulmi ya raba gardama, Kazaure ta tsaya da sarkinta. Ana tsakiyar wannan yaƙi, cikin watan Janairu 1824, sai ga wani Bature ya iso Kano, har sai da ya bi Sarki Dabo sansaninsa a Fanisau kafin ya gan shi. Sunansa Kyaftin Kilafatan, hafsan jiragen ruwan Ingila ne, amma a hanya ana kiransa Abdullahi.

Wanda ya dube shi a ran nan, sai ya ga dogon mutum mai barori da akwatuna, ya ce wannan ba abin da ya dame shi. Alhali kuwa ba haka ba ne. Tun 1822 ya baro Tarabulus, ya ƙetare hamada, ya zauna Barno yana fama da zazzaɓi. Abokin tafiyarsa, Likita Udni, ya mutu a hannunsa a Murmur kusa da Katagum ran 12 ga Janairu, watau kwana takwas kafin ya shiga Kano. Shi da kansa ya sa aka haƙa kabarin, ya binne shi, ya ci gaba da tafiya ba shi da wani ɗan ƙasarsu da zai yi magana da shi.

Tsakiyar watan Maris ya isa Sakkwato, aka sauke shi gidan Waziri. Giɗaɗo bai san nauyin da ke zuciyar mutumin nan ba, bai kuwa jira sai ya sani ba. Ya ba shi ɗakuna, shi da barorinsa, ya riƙa zama da shi suna taɗi da Larabci, ya riƙa kai shi gaban Sarkin Musulmi yana komo da shi. Baƙon ya ga masallacin da Waziri ke ginawa da dukiyarsa, ya yi ta tambaya, ana ba shi amsa ba tare da ƙosawa ba. Akwai mutane a garin da ba su yarda da shi ba, suna zaton ɗan leƙen asiri ne, amma mai masaukinsa bai sake masa fuska ba. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to, wannan baƙo ya sami duka biyun.

Sa'an nan Allah ya juya al'amarin. Cikin watan Afrilu wani ɗan Waziri, wanda ya ke ƙauna ƙwarai, ya kamu da agana. Har an ga alamar sauƙi, sai ciwon ya komo, yaron ya rasu. Kashegari da safe Kilafatan ya tafi gaisuwa, ya iske Waziri zaune can cikin gida. Giɗaɗo ya karɓe shi da murmushin mai baƙin ciki, ya gode masa da zuwa, ya mai da al'amarin ga hukuncin Allah. Mu dubi mutanen nan biyu da kyau. Ɗaya ya binne abokinsa cikin daji wata uku da suka wuce, ɗaya ya binne ɗansa jiya. Wanda aka yi wa alheri ba a san ciwonsa ba, ga shi ya zo ya zauna da mai alherin ran da nasa ciwon ya bayyana. Farkon watan Mayu suka yi sallama, baƙon ya koma ƙasarsu ta Barno, ya rubuta yabon Waziri cikin littafin tafiyarsa da aka buga a 1826.

Da a ce nan labarin ya ƙare, da ya yi daɗin ji, amma ba za mu ɓoye sauransa ba. Kilafatan ya komo cikin 1826, wannan karo ta bakin teku, daga Badagiri. Ya tarad da zamani ya sake, gama ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Shehu Laminu na Barno, shi kuwa yana ɗauke da takarda da kyautai, har da makamai, na kai wa Shehun. Sarkin Musulmi ya hana shi wucewa, aka karɓe kayan, Waziri kuwa yana cikin waɗanda aka aika su karɓa. Aka yi musayar magana mai zafi, zumunci ya yi sanyi. Baƙon yana ganin an ci amanarsa. Masu masauki kuwa suna jin rundunar Barno ta doshi Kano, sai Sarkin Bauchi Yakubu ne ya tare ta farkon 1827. Kowa da abin da ke hana shi barci, ba wanda ya iya ganin na ɗan'uwansa.

Duk da haka ba a kore shi ba, ba a taɓa lafiyarsa ba. Ciwo ya kwantar da shi, ya mutu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827. Aka ba da wuri bayan gari, aka ba da masu haƙa kabari, baransa Landa, saurayi ɗan shekara 23, ya binne shi bisa ga addininsu. Aka sallami yaron ya koma gida da takardun ubangidansa, waɗanda aka buga a 1829. Landan nan ne ya komo cikin 1830, ya bi Kwara cikin kwalekwale har inda ta shiga teku.

Giɗaɗo ya daɗe bayan haka. Da tsufa ya kama shi, ya bar wa ɗansa Abdulƙadir wazirci, ya zauna yana rubuta labarin Shehu da na Bello domin na baya, cikin littattafansa har da Raudul Jinani. Ya rasu wajen 1851. Zuriyarsa, Giɗaɗawa, su suka gaji sarautar, cikinsu har da Waziri Junaidu, malamin tarihi, wanda ya rasu a 1997.

To, jama'a, mu da za mu fita ƙauyuka mu riƙe makarantu, baƙi ba za su yanke mana ba: sabon yaro mai shiru a ƙarshen benci, fatake da dare ya yi musu a hanya, tsohon da ya tsaya ƙofar gida bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Ba mu san wanda suka binne kafin su iso gare mu ba. Waziri bai bincike zuciyar baƙonsa kafin ya shimfiɗa masa tabarma ba, sa'ad da tsoro ya shiga tsakani kuwa, har su biyun nan sai da suka saɓa. Saboda haka mu yi alheri tun da wuri, mu kuma yi hattara ran da namu zukatan suka yi nauyi. Allah ya jiƙan Waziri Giɗaɗo, ya ba mu ikon koyi da kyawawan halayensa, amin.