Mehboob Khan: Daga gyaran kofaton doki zuwa Mother India

Kwanakin baya malaminmu na darasin tarihin fim ya ba mu aiki. Kowa ya zaɓi shekara ɗaya, ya fitar da fina-finai uku da yake ganin sun fi muhimmanci a cikinta, sannan ya tsaya gaban aji ya kare zaɓinsa. Ni na ɗauki 1957, ina ganin abu ne mai sauƙi. Ashe ruwan dafa kaina na ɗebo.

Duba ka gani. A wannan shekarar aka saki The Bridge on the River Kwai, wanda ya kwashe kyautar Oscar bakwai. A ita aka yi 12 Angry Men a Amurka, da The Seventh Seal na Ingmar Bergman a Sweden, da Throne of Blood na Akira Kurosawa a Japan. A Indiya kuma akwai Pyaasa na Guru Dutt, da Naya Daur na B. R. Chopra, da Do Aankhen Barah Haath na V. Shantaram. Duk jerin da na buɗe a intanet, kusan sunayen Turai da Amurka ne a sama. Har na fara kwafa, sai na tsaya na tambayi mahaifina ko ya san ɗaya daga cikinsu. Bai san ko ɗaya ba. Amma da na ambaci Mother India, sai ya gyara zama ya ba ni labarin fim ɗin tun daga farko har ƙarshe, har da sunan azzalumin mai ba da bashi. Shekara sama da talatin rabonsa da kallonsa fa.

Daga nan na sa Mother India a saman jerina, na kuma shiga neman wanda ya shirya shi. Yau labarinsa na kawo maka, don rayuwarsa ce ta fahimtar da ni yadda ake auna muhimmancin fim.

Yaron da ba a ga fuskarsa ba

An haifi Mehboob Khan a 1907 a garin Bilimora da ke yankin Gujarat, yammacin Indiya, a gidan Musulmi masu ƙaramin ƙarfi. Bai yi zurfi a karatun boko ba. Son fim ne ya fitar da shi daga gida tun yana saurayi, ya nufi Bombay, birnin da yanzu ake kira Mumbai. Kada ka ɗauka da zuwansa aka miƙa masa kamara. Aikinsa na farko a bargar dawaki ne, yana gyara ƙarfen da ake kafa wa doki a kofato.

A hankali ya samu ya kutsa kamfanin Imperial na Ardeshir Irani, mutumin da daga baya, a 1931, ya shirya Alam Ara, fim ɗin Indiya na farko mai magana. Matsayin Mehboob a wurin shi ne ɗan cike gurbi, irin waɗanda ake tarawa a bayan jarumi don a ga taro. Ana ba da labarin cewa a wani fim na Ali Baba da ɓarayi arba'in, shi ne ɗaya daga cikin ɓarayin da aka ɓoye a cikin randa. Wato ya fito a fim, amma babu wanda ya ga fuskarsa. Kai da kake jin haushi don bidiyonka na TikTok bai wuce masu kallo ɗari biyu ba, ka ji wannan.

Shekarun da ya yi yana zaman jiran a kira shi ba su tafi a banza ba. Wurin ɗaukar fim ne ya zama makarantarsa: inda ake ajiye kamara, yadda ake haska fuska, yadda darakta ke sarrafa taro. A 1935 kamfanin Sagar Movietone ya ba shi dama ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko, Al Hilal, wanda kuma ake kira Judgement of Allah, labarin gwabzawa tsakanin Rumawa da Larabawa. Fim ɗin ya karɓu, kuma daga nan ɗan cikin randa ya zama darakta.

Hawa

A 1940 ya yi wani fim mai suna Aurat, ma'ana mace. Riƙe sunan nan, za mu dawo kansa. Labarin wata manomiya ce da miji ya tafi ya bar ta da 'ya'ya da bashi. Sardar Akhtar ce ta fito a matsayin matar, kuma ita ce ya aura bayan shekara biyu.

Daga nan ya kafa kamfaninsa na kansa, Mehboob Productions. Tambarin kamfanin guduma ce da lauje, alamar ma'aikata da manoma, amma idan ya bayyana a farkon fim sai ka ji murya tana tunatar da mai kallo ikon Allah a kan komai. Wannan haɗin ya bayyana mutumin sosai: mai riƙo da addini, wanda kuma zuciyarsa ke tare da talaka.

A 1943 ya ɗauko wata yarinya 'yar shekara 14 ya ba ta jagorancin fim ɗin Taqdeer. Sunanta Nargis. A 1946 ya yi Anmol Ghadi tare da mai tsara kiɗa Naushad, wanda suka daɗe suna aiki tare. A 1949 ya haɗa Dilip Kumar da Raj Kapoor da Nargis a Andaz, kuma shi ne kaɗai fim ɗin da waɗannan manyan jaruman biyu suka taɓa fitowa tare. A 1952 ya saki Aan, fim mai launi na sarauta da takobi da dawaki, wanda aka nuna har a Ingila da Faransa a lokacin da fim ɗin Indiya bai cika ƙetare teku ba. A 1954 ya buɗe Mehboob Studios a unguwar Bandra.

Ka ga kenan ya samu suna, ya samu kuɗi. Da wani ne, sai ya ci gaba da buga irin abin da kasuwa ke so. Shi kuwa sai ya koma kan labarin manomiyar nan da ya yi shekara 17 baya, ya ce bai gama da shi ba.

1957

Mother India sabon ɗauka ne na Aurat, amma da launi, da faɗi, da kuɗi masu yawa. Sunan ma da gangan aka zaɓe shi. A 1927 wata Ba'amurkiya, Katherine Mayo, ta wallafa littafi mai wannan suna, inda ta zubar da mutuncin al'adun Indiya, abin da ya fusata Indiyawa matuƙa. Mehboob ya ƙwace sunan ya ɗora shi a kan macen da yake so duniya ta gani. An saki fim ɗin a watan Oktoba na 1957, shekara goma bayan samun 'yancin kan Indiya.

Ga labarin a taƙaice, ka yi haƙuri zan ɓata maka ƙarshensa. Surukar Radha ta ci bashin rupee 500 a wurin Sukhilala don hidimar bikin ɗanta Shamu. Da aka zo biya sai aka samu saɓani kan sharaɗin, dattawan gari suka goyi bayan mai kuɗi, aka yanke cewa kashi uku cikin huɗu na amfanin gonarsu nasa ne, a matsayin kuɗin ruwa kawai. Uwar bashin tana nan daram. Garin share wata gona mai duwatsu, dutse ya danne hannuwan Shamu ya rasa su duka biyu. Kunyar zama nauyi ta sa ya sulale cikin dare, ba a sake ganinsa ba. Ambaliya ta zo ta cinye gona, ɗan autanta ya mutu, yunwa ta kama sauran. Sukhilala ya yi mata tayin abinci idan za ta ba da kanta, ta ƙi. Ta ja garma da kafaɗarta ta raini 'ya'ya biyu, Ramu mai sanyi da Birju mai zafin zuciya. Birju ya girma da ƙiyayyar Sukhilala, ya shiga daji ya zama ɗan fashi, ya dawo ya kashe shi, ya kuma sace 'yarsa ranar aurenta. Radha, wadda ta yi alkawarin ba za a taɓa mutuncin 'yar kowa a garin ba, ta ɗauki bindiga ta harbe ɗan cikinta.

Kusan awa uku ake yi ana kallo, amma ba ka jin tsawonsa. Nargis tana da shekara 28 ta taka Radha daga amarci har tsufa. Sunil Dutt, wanda ya fito a matsayin ɗanta Birju, sa'anta ne, duk a 1929 aka haife su. Wajen ɗaukar wata fitowa ta gobara, wutar ta fi ƙarfin masu aiki ta rutsa da Nargis, Sunil Dutt ya kutsa ya fito da ita, shi ma ya ƙone. A 1958 suka yi aure. Ɗansu shi ne Sanjay Dutt, wanda iyayenmu suka laƙaba wa Ɗan Daba Mai Lasin. Ka ga ashe kai ma kana da alaƙa da fim ɗin ba ka sani ba.

Fim ɗin ya ci kasuwa ƙwarai. Ya lashe kyautar Filmfare ta gwarzon fim, Mehboob ya zama gwarzon darakta, Nargis gwarzuwar jaruma, ta kuma sake lashe irin wannan kyauta a bikin fina-finai na Karlovy Vary a ƙasar Czechoslovakia ta wancan lokaci. Shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya shiga jerin ƙarshe na Oscar a rukunin fina-finan harsunan waje, a 1958. Nights of Cabiria na Federico Fellini ɗan Italiya ne ya doke shi, kuma ana yawan cewa da ƙuri'a ɗaya tak. Sai a Salaam Bombay! na 1988 da Lagaan na 2001 Indiya ta sake kaiwa wannan mataki.

Me ya kawo shi Kano?

'Yan kasuwar Lebanon masu gidajen sinima ne suka riƙa shigo da fina-finan Indiya arewacin Najeriya, kuma Mother India na cikin waɗanda suka fi daɗewa ana maimaitawa. Masani Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya rubuta yadda mutane ke komawa kallonsa sau da dama shekaru masu yawa bayan fitowarsa. Mutanen da ba su jin Hindi, kuma tun kafin zamanin fassarar Indiya-Hausa da muka taso da ita.

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane dalili. Manomin da ya ci bashi da damina ya ga hatsinsa ya tafi rumbun wani da kaka, bai buƙatar tafinta. Uwar da miji ya tafi ya bari da yara, ita ma haka. Batun kunya, da mutuncin 'ya mace, da ɗa mai taurin kai da uwa ke so duk da halinsa, duk abubuwa ne da Bahaushe ya sani a cikin gidansa. Mehboob ya fito daga cikin irin mutanen nan, shi ya sa bai ba da labarinsu kamar baƙo mai leƙe ta taga ba.

Saukowa

Bayan Mother India, fim ɗaya kawai ya ƙara yi, Son of India a 1962, inda ya ba Sajid Khan, yaron da ya fito a matsayin Birju ƙarami, babban matsayi. Fim ɗin bai yi kasuwa ba. Mutumin da ya kai Indiya ƙofar Oscar ya ga masu kallo sun juya masa baya cikin shekara biyar. Ya rasu ranar 28 ga Mayu, 1964, sakamakon bugun zuciya, kwana ɗaya bayan mutuwar Firaminista Jawaharlal Nehru. Yana da shekara 56. An binne shi a Bombay. Mehboob Studios yana nan a Bandra har gobe, kuma a 2007 gwamnatin Indiya ta buga kan sarki da hotonsa don cika shekara ɗari da haihuwarsa.

To wane ne na ɗaya?

Ranar da na tsaya gaban aji, na sa Mother India a farko, Pyaasa na biyu, 12 Angry Men na uku. An yi mini caa. Wani abokina ya dage cewa The Seventh Seal ya fi zurfi, kuma ban musa masa ba. Wata ta ce fim ɗin ya ɗora wa mace nauyin da ya fi ƙarfin ɗan Adam, yana yabon haƙurinta maimakon ya tambayi abin da ya jefa ta ciki. Gaskiya wannan sukan ya tsaya mini a rai, kuma ya kamata kai ma ka riƙe shi idan za ka kalla.

Amma tambayar malamin ba ta kyau ba ce, ta muhimmanci ce. Ni kuma tambaya uku na yi wa kowane fim. Su wa suka kalle shi? Tsawon wane lokaci ya zauna a ransu? Me ya canza bayansa? Fim ɗin da ya tashi daga Bombay ya zauna a zuciyar mutumin Kano shekara talatin, ya kuma zama ma'aunin da ake gwada duk wata uwa a fim ɗin Indiya da shi, ya amsa duka ukun. Masu tsara jerin da muke kwafa a intanet daga inda suke zaune suke kallon duniya, kuma ba su taɓa zama a sinimar Plaza ko Marhaba ba.

Don haka idan ƙarshen shekara ya zo aka fara rigimar fina-finai goma da suka fi fice a Facebook da X, kafin ka tura naka jerin, ka nemi babba ɗaya a gidanku ka tambaye shi fim ɗin da har yau bai manta ba. Sannan ka ware awa uku a ƙarshen mako ka kalli Mother India, in da hali tare da mahaifiyarka.