Nikolai Gogol

Nikolai Vasilyevich Gogol (an haife shi ranar 1 ga watan Afrilu, 1809, ya mutu ranar 4 ga watan Maris, 1852) marubucin ƙagaggun labarai da wasan kwaikwayo ne ɗan asalin Yukren, wanda ya yi rubutunsa da harshen Rashanci.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Sorochyntsi da ke yankin Poltava, a ƙarƙashin daular Rasha. Ya yi karatu a Nizhyn, sannan ya koma Saint Petersburg a 1828. Doguwar waƙar da ya wallafa a 1829 ta sha suka, har ya sayo ragowar kwafin ya ƙone su. Labaran ƙauyukan Yukren da ya fitar a 1831 da 1832 ne suka fito da sunansa.

Yadda yake gina taurarin labari

Gogol ba ya tsayawa dogon bayani kan abin da ke zuciyar mutum. Suna, tufafi da kayan ɗaki yake barin su tona halinsa. A cikin Myortvye Dushi (Matattun Rayuka, 1842), Chichikov yana yawo gidajen masu gonaki yana sayen sunayen bayin da suka mutu amma ba a cire su daga takardun ƙidaya ba. Sunan Sobakevich daga kalmar Rashanci ta kare ya fito, kuma hatta kujerunsa masu nauyi kama da shi suke yi. Korobochka na nufin ɗan akwati, ita kuwa mace ce mai ƙulle komai. Manilov yana da littafin da ya shekara biyu a shafi na 14, Plyushkin kuma marowaci ne mai tara tarkace. Wannan wasa da sunaye yakan ɓace a fassara.

A labarin Shinel (Rigar Sanyi, 1842), Akaky Akakievich ƙaramin akawu ne da ya daɗe yana tsimi don ɗinka riga, aka ƙwace ta, ya mutu. Mai karatu yakan fara da dariya, ya ƙare da tausayi.

Mutuwa

Daga 1836 ya fi zama a Roma, kuma ya ziyarci Birnin Ƙudus a 1848. A ƙarshen rayuwarsa ya duƙufa ga ibada. A watan Fabrairun 1852 ya ƙone kashi na biyu na Matattun Rayuka, ya ƙaurace wa abinci, ya mutu a Mosko yana da shekara 42.