Roberto Clemente: ɗan wasan da ya ƙi sakin kayan agaji a hannun wasu

Na san kai ma ka saba gani. Kana cikin latsa waya sai ga hoton wata uwa da 'ya'yanta zaune a kan ɓaraguzan gidansu, gobara ko ambaliya ta yi musu ƙarƙaf, a ƙasan hoton an liƙa lambar asusu. Ka tura 'yar ɗari biyar ɗin da ka ware don sayen data, mai shafin ya yi godiya, shi ke nan. Bayan sati biyu babu wanda ya ƙara jin ɗuriyar matar, kai kuma nauyin baki ya hana ka tambayar ko kuɗin ya isa. Wannan tambayar da muke haɗiyewa ce ta sa yau na ɗauko maka tarihin wani mutum da ya roƙi jama'a kuɗi da sunan waɗanda suka rasa matsuguni, ya bi sawun kayan da kansa, a hanyar ya rasa ransa. Sunansa Roberto Clemente, ɗan wasan besbol ne.

Kar sunan wasan ya kore ka. Wani ne zai jefo ƙwallo mai tauri kamar girman lemo, wani ya maka mata kulki ya ruga da gudu yana taka tashoshi huɗu, su kuma 'yan tsaro su yi ƙoƙarin cafke ƙwallon su riga shi isa. A Amurka da tsibiran Karebiyan, yadda yaranmu ke mafarkin buga ƙwallon ƙafa a Turai haka nasu ke mafarkin wannan wasa.

An haifi Clemente ranar 18 ga Agusta, 1934, a garin Carolina na tsibirin Puerto Rico, wanda ke ƙarƙashin ikon Amurka amma Sifaniyanci ake yi a cikinsa. Shi ne auta. Mahaifinsa Melchor shugaban leburori ne a gonar rake, gida ne na rufin asiri, ba na wadata ba. A makarantar sakandare yaron ya yi fice wajen jifan mashi, kuma wannan hannun ne daga baya ya zama abin tsoro a filin wasa. Wani mai tallar shinkafa, Roberto Marín, shi ya fara hango shi yana ɗan shekara 14 ya sa shi a ƙungiyar kamfaninsu. A 1952 ƙungiyar Santurce ta ɗauke shi a gasar ƙwararru ta tsibirin.

Daga nan ne labarin ya zama na ciniki, kuma a nan nake so ka ɗan tsaya. Manyan ƙungiyoyin Amurka suna da masu farautar 'yan wasa da ke yawo gari-gari suna neman yara masu tasowa. Ɗaya daga cikinsu, Al Campanis na ƙungiyar Brooklyn Dodgers, ya ga Clemente a wani gwaji ya yaba da shi ƙwarai. A watan Fabrairun 1954 Dodgers ta ba shi dala 10,000 kuɗin sa hannu da albashin dala 5,000. An ruwaito cewa ƙungiyar Braves ta zo daga baya da tayin da ya fi wannan nesa ba kusa ba, amma ya riga ya ba da kalmarsa, bai janye ba.

To amma akwai wata doka a lokacin: duk yaron da aka ba shi kuɗin sa hannu sama da dala 4,000, dole a ajiye shi a babbar ƙungiya. Idan aka tura shi ƙaramar ƙungiya, a ƙarshen shekara wata ƙungiyar tana da damar ɗauke shi. Dodgers ta yi kasada ta tura shi ƙaramar ƙungiyarta da ke Montreal a Kanada. A can aka riƙa zaunar da shi a benci, a duk kakar sau 148 kacal aka lissafa masa tsayawa da kulki. Har yau ana gardama: wasu na cewa ɓoye shi aka yi don kada idon wasu ya kai kansa, kocinsa na lokacin kuwa ya musanta. Ko ma wanne ne, ka ɗan saka kanka a takalmin yaron. Shekararka 19, kana ƙasar sanyi, ba ka jin Turanci sosai balle Faransancin da ake yi a garin, ka san ka iya, kuma babu mai gaya maka dalilin da ya sa kake zaune.

Ɓoyon bai yi ba. Wani mai farauta na ƙungiyar Pittsburgh Pirates, Clyde Sukeforth, ya hango shi. Da yake Pirates ce ta zo ta ƙarshe a rukuninta a shekarar, ita ke da zaɓin farko, kuma a watan Nuwamban 1954 ta ɗauke shi a kan dala 4,000. Shugaban Pirates a lokacin shi ne Branch Rickey, mutumin da ya kawo Jackie Robinson, baƙar fata na farko a babbar gasar a zamanin nan, a 1947. Duk wannan kai-kawo an yi shi ne a ofis, ba a tambayi yaron ina yake so ba.

Ya fara buga wa Pirates wasa a Afrilun 1955, bai taɓa sauya ƙungiya ba har tsawon kaka 18. Amma farkon bai yi daɗi ba. A sansanin atisaye na Fort Myers a jihar Florida, dokar wariyar launin fata ta hana shi kwana a otal ɗaya da abokan wasansa farare. Wannan baƙon abu ne gare shi. Sai kuma 'yan jarida, kuma a matsayina na ɗalibin aikin jarida wannan ne ya fi ci mini rai. Idan ya yi magana sai su rubuta Turancinsa yadda ya fito daga bakinsa, harafi da harafi, don masu karatu su yi dariya. Suka canja masa suna zuwa Bob, har a katunan hotunan 'yan wasa, shi kuwa ya dage sunansa Roberto. Ya yi haɗarin mota a ƙarshen 1954 wanda ya bar masa ciwon baya, amma duk sanda ya koka sai a rubuta cewa raki gare shi. A aji ana koya mana cewa rubuta abin da mutum ya faɗa daidai shi ne gaskiya. Labarin nan ya nuna mini ana iya rubuta kowane harafi daidai kuma a ci zarafin mutum.

A fili kam ya rufe bakin kowa. Sau huɗu yana zama gwanin duka na rukuninsu, a 1961 da 1964 da 1965 da 1967. Shi ne gwarzon rukunin a 1966. Ya karɓi kyautar safar zinare ta gwanin tsaro sau 12 a jere. Pirates ta ci kofin World Series da shi a 1960 da 1971, a na biyun shi ne gwarzon gasar, kuma da aka miƙa masa makirufo a talabijin, da Sifaniyanci ya fara, yana gaida iyayensa. Ranar 30 ga Satumba, 1972, ya yi duka mai kyau na 3,000 a rayuwarsa. A kan wannan adadin cif ya tsaya.

A ƙarshen wannan shekarar ya je Nikaragua a matsayin kocin tawagar Puerto Rico a wata gasar duniya ta 'yan wasan da ba ƙwararru ba. Ya yi makonni a can, ya saba da mutane. Bai daɗe da dawowa gida ba, ranar 23 ga Disamba, girgizar ƙasa ta ragargaza babban birnin, Managua. Dubban mutane suka mutu, dubban ɗaruruwa suka wayi gari ba su da wurin kwana.

Clemente ya jagoranci kwamitin agaji na Puerto Rico. Ba aron sunansa kawai ya bayar ba. Ya shiga rediyo da talabijin yana kira, aka mayar da filin wasa na Hiram Bithorn da ke San Juan wurin tara kaya, ya yi kwanakin Kirsimeti a can cikin kwalaye. Jama'a suka kawo abinci da sutura da magani da kuɗi. Ka lura da waɗanda ya roƙa. Mutanen tsibirinsa ne, irin gidan da ya fito, waɗanda idan suka ba da buhun shinkafa daga tukunyarsu aka rage. Ni a ganina a nan nauyin yake. Wanda ya roƙi attajiri ya karɓi rarar da mai ita ba zai ji ba. Wanda ya roƙi talaka da sunan wanda ya fi shi talauci, bashi biyu ya ci: na wanda ya bayar, da na wanda aka nuna hotonsa aka karɓa.

Sai labari ya fara dawowa daga Managua. Mai faɗa-a-ji a ƙasar shi ne Anastasio Somoza, shugaban dakarun tsaron ƙasa, wanda gidansu ke riƙe da Nikaragua tun shekarun 1930, kuma shi ya ɗora kansa a kan kwamitin gaggawa. Rahotanni suka nuna dakarunsa na karkatar da kayan agajin da ke shigowa daga ƙasashe, wasu ma a kasuwa suke ƙarewa. Wato mutumin da gidansa ya rushe sai ya nemo kuɗi ya sayi abin da aka aiko masa kyauta. Clemente ya riga ya aika jirage uku, ya samu labarin cewa kayansa ma ba su tsira ba. Lissafinsa mai sauƙi ne: a Nikaragua kowa ya san fuskarsa, soja zai ji kunyar kwashe kaya a gabansa. Ya yanke shawarar bin jirgi na huɗu.

Jirgin da aka ɗauko haya tsohon DC-7 ne. Bincike daga baya ya nuna ya yi ɗan haɗari a ƙasa a farkon watan, ba a yi masa gyaran da ya kamata ba. Babu ƙwararren injiniyan jirgi a ciki, mai jirgin da kansa ya zauna a kujerar mataimakin matuƙi ba tare da takardar tuƙa irinsa ba, sannan an yi masa lodin da ya wuce ƙa'ida da kusan tan biyu. Ka ga ke nan ba a Managua kaɗai ake neman cin riba da bala'in ba. Akwai masu cewa da Clemente ya ɗan jinkirta, ya sa an duba jirgin, da mutum biyar ba su mutu ba. Ban iya kore wannan maganar ba gaba ɗaya. Amma shi ɗan wasa ne ba makaniki ba, kuma waɗanda aikinsu ne su hana irin wannan jirgi tashi ba su hana ba.

Daren 31 ga Disamba, 1972, mutane na shirin shiga sabuwar shekara, jirgin ya tashi daga San Juan da ƙarfe tara da 'yan mintuna. Inji ya samu matsala tun a tashi, matuƙin ya yi ƙoƙarin juyowa, jirgin ya faɗa teku dab da gaɓa. Shekarar Clemente 38. Ya bar matarsa Vera da 'ya'ya maza uku ƙanana.

An tsinci gawar matuƙin bayan kwanaki, ta Clemente kuwa ba a taɓa gani ba. Abokin wasansa Manny Sanguillén, ɗan Panama, bai halarci taron addu'ar da aka yi masa ba, yana can yana nutso a wurin da jirgin ya faɗa ko zai samo shi. A 1973 aka jingine dokar jiran shekara biyar aka shigar da shi zauren gwarzayen besbol, ɗan Latin Amurka na farko da ya shiga, kuma aka sa sunansa a kyautar da ake ba ɗan wasan da ya fi hidimar jama'a duk shekara. Shi kuwa Somoza, wawurar agajin girgizar ƙasa na cikin abubuwan da suka juya masa 'yan ƙasarsa, har da 'yan kasuwar da ke tare da shi a da, kuma a Yulin 1979 'yan tawayen Sandinista suka kore shi. A garin Masaya, ba nisa da Managua, akwai filin besbol mai suna Roberto Clemente.