AMINA 'YAR BAKWA DA GIDANSU

A wannan wata za mu ba da labarin wata mace wadda sunanta ya cika ƙasar Hausa, watau Amina ta Zazzau, da na gidan da ta fito. Ko yaro ya ji sunanta, amma ba kowa ya san iyayenta da 'yan'uwanta ba.

Gidansu na sarauta ne. A cikin jerin sarakunan Zazzau, Bakwa Turunku ne na 22, an kuwa sa hawansa wajen shekarar 1536. Waɗansu masu ba da labari sun ce Bakwa ubanta ne, waɗansu sun ce uwarta ce, amma duka sun yarda Amina 'yar Bakwa ce. A lokacin nan sarauta tana Turunku, kudu da Zariya ta yanzu, inda har wa yau a ke ganin kufai tsakanin duwatsu. An ce da jama'a suka yi yawa, ruwan Turunku ya kāsa musu. Domin haka aka tashi, aka koma arewa wajen dutsen Kufena, inda akwai ruwa da ƙasar noma. Sabon garin ya ci sunan ƙaramar 'yar Bakwa, Zariya, ƙanwar Amina.

Amina ce babba. Labarin kaka da kakanni ya ce tun tana da shekara 16 aka naɗa ta Magajiya, tana zama a fada tana jin yadda a ke shirya al'amuran ƙasa. Hankalinta kuwa ya fi karkata ga doki da makamai. Sa'ad da ɗan'uwanta Karama ya hau, ita ta ke fita tare da mayaƙansa, har suka saba da ita. Da ya rasu, sai ragama ta koma hannunta.

Masu tarihi da yawa sun sa mulkinta daga 1576 zuwa 1610. Littafin tarihin sarakunan Kano kuwa ya kai ta baya, zamanin Sarkin Kano Dauda, 1421 zuwa 1438. A kan abu guda dai lissafin biyu suka haɗu: shekara 34 ta yi tana yaƙi. Littafin nan na Kano ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe kuma ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, ya ce Katsina da Kano sun biya mata gandu, ta kuwa rasu a wani wuri da a ke kira Atagara, can ƙasar kudu.

Sai mu dubi abin da yaƙin nan ya kawo. Ya buɗe hanyoyin fatake, goro da sauran kayan yamma suka shigo ƙasar Hausa. Amma kada mu manta da babannin nan 40. Ko wannensu ɗan wani ne, an raba shi da garinsu, an hana shi samun zuriya. Girman da a ke ba jarumi, sau da yawa talakan da ba a san sunansa ba ne ya ke biyan kuɗinsa.

An ce duk inda ta yi sansani sai ta sa a kewaye wurin da ganuwa. Shi ya sa har yau, in an ga tsohuwar ganuwa a ƙasashen nan, a kan ce ganuwar Amina ce. Amfanin ganuwa kuwa ya wuce na mayaƙa, gama a kan haɗa gonaki da rijiyoyi a cikinta, domin in abokan gaba sun kewaye gari, kada yunwa da ƙishirwa su ci mutane. Haka ganuwar Zariya ta ke, da ƙofofinta irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Galadima. Sunan ta ƙarshen nan yana tuna mana da wani babban aiki. A zamanin sarakunan Haɓe, in sarki ya tafi yaƙi, Galadima ne ya ke zama ya riƙe gari. Mai sarautar da ta yi shekaru a bayan doki ba ta iya yin haka ba sai da waɗanda suka tsare mata gida.

Labari ya ce Amina ba ta yi aure ba, ba ta kuwa bar ɗa ba. Ƙasashen da ta ci suka sulluɓe daga hannun Zazzau bayanta. Sarakunan Haɓe suka ci gaba da zama a gadon Bakwa har zamanin jihadi, sa'ad da Malam Musa ya karɓi Zariya, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da a ke kira Suleja yanzu.

To, me ya rage na gidan nan? Gandun Nufe ya ƙare tun da daɗewa. Amma garin da aka kafa domin mutane su sami ruwan sha yana nan cike da jama'a, yana amsa sunan ƙanwar da ba mu ji ta ci ko gari ɗaya ba. Mu da mu ke da gidaje da 'ya'ya a hannunmu, ya kamata mu auna wannan da kyau.