Kanon Charles Robinson: Baƙon da Ya Ratsa Keffi Ya Koma da Hausa

Yawancin 'yan mishan da ake tunawa da su a Arewacin Nijeriya mutane ne da suka kwashe shekaru masu yawa a nan, waɗansu ma a nan aka binne su. Charles Henry Robinson ba ya cikin wannan sahu. Zamansa a ƙasar Hausa na watanni ne kawai, daga 1894 zuwa 1895. Bai kafa tashar mishan ba, bai gina majami'a ba. Duk da haka, waɗanda suka zo bayansa domin aikin bishara da harshen Hausa sun daɗe suna cin moriyar wannan gajeriyar tafiya tasa.

An haifi Robinson a shekarar 1861 a Ingila, a gidan wani limamin Ikkilisiyar Angilikan mai 'ya'ya da yawa. Maza da dama daga cikinsu sun shiga hidimar Ubangiji. Ɗaya daga cikin yayyensa, Armitage Robinson, ya zama shugaban babbar majami'ar Westminster a Landan. Charles ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, aka naɗa shi limami, kuma a 1892 aka aike shi ƙasar Armeniya ya dubo halin da ikkilisiyar can take ciki.

Rasuwar ɗan'uwansa ce ta juyo da fuskarsa zuwa ƙasar Hausa. Wansa, Rabaran John Alfred Robinson, ma'aikacin ƙungiyar CMS ne, wanda tare da Graham Wilmot Brooke suka zauna a Lokoja a 1890 da niyyar kai bishara ga Hausawa. John ya duƙufa kan koyon harshen da fassarar Nassi, amma ciwo ya ɗauke shi a 1891. Brooke ma ya bi shi a 1892. Domin tunawa da John, abokansa a Ingila suka kafa wata ƙungiya ta nazarin harshen Hausa, da burin a fahimci harshen sosai, a kuma fassara Littafi Mai Tsarki a cikinsa. Charles ne ƙungiyar ta fara zaɓa ta aika.

Bai yi garajen shigowa ba. A 1893 ya tafi Tarabulus da Tunis a Afirka ta Arewa, inda fatake da mahajjata Hausawa suke zaune, ya fara koyon harshen daga bakin masu shi. Da farko an so ya keto hamada ya biyo hanyar ayari zuwa Kano, amma hakan bai yiwu ba. Sai a 1894 ya biyo ta teku, ya hau kogin Kwara zuwa Lokoja, tare da abokan tafiya biyu, wani likita mai suna Tonkin da wani mai suna Bonner. Daga Lokoja suka shiga Binuwai zuwa Loko, inda tafiyar ƙasa ta fara.

Hanyar da suka bi tsohuwar hanyar fatake ce: daga Loko zuwa Nasarawa, daga Nasarawa zuwa Keffi, sa'an nan Zariya da Kano. Mutanen Keffi da ƙauyukan kewayenta, irin su Yara, suna zaune ne a yankin da wannan hanya ta ratsa. A lokacin Keffi tana ƙarƙashin Zazzau, gari ne mai ganuwa da babbar kasuwa, kuma Turawa ba su riga sun ci ƙasar ba. Baƙo ba ya wucewa sai da yardar sarki da gaisuwar da ta dace. Wuri shi ne kuɗin kashewa, mai nauyin ɗauka, don haka matafiyi yakan riƙa sayar da yadi da sauran haja a kowane zango domin ya ciyar da masu dakonsa. Jayayya da 'yan dako kan lada ta jinkirta su sau da yawa. A wannan yanki kuma Robinson ya ga ɓarnar da farautar bayi take yi wa ƙananan ƙabilu, kakannin da yawa daga cikin masu bi na Jihar Nasarawa da Kudancin Kaduna. Abin ya tsaya masa a zuciya, ya kuwa yi rubutu a kansa da zafi bayan komawarsa.

Sun isa Kano a Disamba 1894, a ƙarshen yaƙin basasar da ya ɗora Sarki Alu a kan gadon sarauta. Shekarar ta zama mai tsanani ga masu bishara. A Nuwamba, Walter Gowans na mishan ɗin da daga baya aka sani da SIM ya rasu a Girku, abokinsa Thomas Kent kuma ya rasu a Bida a Disamba. Robinson da abokansa sun sha fama da zazzaɓi a cikin kusan wata uku da suka yi a Kano. Duk da rashin lafiya, ya zauna da malamai yana tambaya yana rubutawa, yana tattara kalmomi da karin magana da rubuce-rubucen ajami. A 1895 suka juyo ta Bida zuwa bakin Kwara, suka koma gida.

Amfanin tafiyar ya bayyana ne bayan ta ƙare. A 1896 ya buga labarin tafiyarsa ta mil 1,500 a littafi mai suna Hausaland, ya kuma fitar da tarin waƙoƙi da rubuce-rubucen Hausa na ajami tare da fassararsu. Littafin nahawunsa ya fito a 1897, ƙamusunsa mai juzu'i biyu kuma a 1899 da 1900. Jami'ar Kambirij ta ɗauke shi malamin Hausa. Kafin shi, Rabaran J. F. Schön ya buga ƙamus a 1876, amma Schön bai taka Kano ko Zariya ba. Ƙamusun Robinson ne ya zama abin dogaro, ana ta sake buga shi, har Rabaran G. P. Bargery ya fitar da nasa a 1934. Likita Walter Miller, wanda ya shigo tare da Bishop Tugwell a 1900, da sauran waɗanda suka yi aikin da ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, sun tarar da an riga an share musu wani ɓangare na gonar.

Gaskiya ta wajabta a faɗi kasawarsa. Watanni kaɗan ba su isa mutum ya ƙware a harshe ba, ƙamusunsa kuwa bai nuna karin sauti da tsawon wasali yadda na Bargery ya yi ba. Kamar yawancin Turawan zamaninsa, ya ɗauka mulkin Ingila ne zai magance cinikin bayi, ya kuma goyi bayansa a rubuce. Irin wannan kusanci tsakanin mishan da mulkin mallaka ya bar zargin da ikkilisiya a Arewa ta daɗe tana ɗauke da shi.

Daga 1902 ya zama editan littattafan ƙungiyar mishan ta SPG a Landan, yana kuma riƙe da matsayin Kanon na Ripon. A 1915 ya buga tarihin aikin mishan na duniya. Ya rasu a 1925.

Rayuwar Robinson tana da magana ga matasa da ma'aikatan ikkilisiya da ake aikawa na ɗan lokaci zuwa Nijar, Chadi, Kamaru ko Benin. Ya shirya kafin ya tashi, ya fara da koyon harshen mutanen da zai je wurinsu. Da ya isa, ya yarda ya zauna a gaban malaman gari a matsayin ɗalibi. Da ya koma, ya shafe shekaru yana mai da abin da ya samo ya zama kayan aiki ga waɗanda za su zauna su daɗe. Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa aikin mai shuka dabam ne da na mai ban ruwa, girma kuwa daga wurin Allah yake zuwa. Ikkilisiyar da take aika 'ya'yanta waje na mako biyu ko wata uku ya kamata ta tambaye su tun kafin su tashi abin da za su bar wa masu masaukinsu, ta kuma tambaye su bayan sun dawo abin da suka koyo.